Sarki Ya Ba Ka, Majalisa Ta Yarda? Tarihin Awon Fili a Kasalgu da Kewayen Tamale

 A wannan fitowa za mu bi hanyar da da yawanku kuka sani, wasu da ƙafa a bayan dabbobi, wasu a kan lodin albasa ko wake: wadda ta taso daga Wagadugu, ta ƙetare iyaka a Paga, ta ratsa Bolgatanga da Walewale, ta sauka Tamale, babban birnin arewacin Gana. In ka jima ba ka bi ta ba, abin da zai fara tsayar maka da ido kafin ka shiga gari shi ne 'yan turakun siminti da aka kakkafa cikin ciyawa, da tarin bulo a ƙarƙashin kaɗanya, da bangayen da aka yi wa rubutu da jan fenti cewa a dakatar da aiki, a kawo takardar izini.

Kasalgu na ɗaya daga cikin ƙauyukan Dagomba da ke bakin Tamale, ta wajen Sagnarigu. A da, tsakaninsa da birni akwai gonaki da saura da fadama. Yau birni ya iso shi, kamar yadda ya riga ya haɗiye Kanvili da Jisonayili da Gurugu da Kpalsi. To wa ke yanke cewa wurin da shanunka suka ci harawa bara zai zama gidaje bana? Kai kuma ɗan kasuwa da ke son fili don sito ko masauki, sa hannun wa ya kamata ka nema? Amsar ita ce ƙasar nan tana da ƙofa biyu. Sarki ne ke bayarwa, majalisar gunduma ce ke amincewa da abin da za a yi a kai. Yadda aka yi ƙofofin suka zama biyu, tarihi ne na sama da shekara ɗari, kuma wanda ya san shi ya fi sanin inda zai ƙwanƙwasa, da lokacin da zai ƙwanƙwasa.

Zamanin goro

Tun kafin a kafa masarautar Dagbon, kowane yanki yana da dattijon da ake kira tindana, wato mai ƙasa. Shi ke kula da al'adun ƙasa, shi ya san iyakar kowane daji, shi ake tambaya kafin a sari sabuwar gona. Tarihin baka na Dagomba ya ce wajen ƙarni na 15 Na Nyagsi ya ci yankin da yaƙi, ya kawar da masu ƙasa da dama, ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a matsayin sarakuna. Daga nan ikon ƙasa ya koma hannun sarauta, daga Ya-Na da ke Yendi zuwa manyan hakimai, zuwa masu ƙauyuka. Sarakunan Dagomba a kan fatu suke zama, kamar yadda na Asante ke zama a kan kujera, shi ya sa har yau dokar Gana ke kiran irin wannan ƙasa ƙasar fata. A Tamale akwai Gulkpe-Na, wanda ke riƙe da yankin a ƙarƙashin Ya-Na, akwai kuma Dakpema, tsohuwar sarauta da sunanta ke nufin dattijon kasuwa. Sagnarigu ma da nata babban sarkin.

A wancan zamani ƙasa ba abar sayarwa ba ce. Ɗan gari yana da haƙƙin noma gonar gidansu, ya bar wa 'ya'yansa. Baƙo kuwa sai ya sami mai masauki, a kai shi gaban sarki da 'yan goro, a nuna masa wuri. Kakanninku fatake, masu zuwa Gwanja sayen goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta haka suka kafa zango a Yendi da Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa wasu garuruwa, kowane wuri kuma da goron gaisuwa suka sami matsuguni. Ka riƙe wannan kalma ta goro. Za mu sake haɗuwa da ita, amma ta canja kama.

Zuwan Turawa da taswira

A 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin a kan tebur. Yendi ta faɗa hannun Jamusawa, yammacin Dagbon ya faɗa hannun Ingilishi, ba a sake haɗe masarautar ba sai bayan yaƙin duniya na farko. Ingilishi suka mai da arewacin Gwalkwas yankin da ke ƙarƙashin kariyarsu daga farkon 1902, hedkwatarsu tana Gambaga. A 1907, zamanin Babban Kwamishina Watherston, suka dawo da ita Tamale, wadda a lokacin tarin 'yan ƙauyuka ce da kasuwa. Tun daga ranar aka fara auna garin: nan barikin Turawa, nan na soja, nan kasuwa, nan unguwannin 'yan ƙasa da baƙi, waɗanda aka laƙaba wa haruffan boko maimakon suna. Zangon Hausawa da na Mosawa sun girma a cikin wannan tsari.

A kudancin Gwalkwas, da Turawa suka kawo ƙudurin dokar ƙasa a 1897 don su karɓe filayen da suka ce babu mai su, sarakuna da 'yan boko sun tashi tsaye, suka aika wakilai har Landan, aka janye ƙudurin. Arewa ba ta da irin waɗannan lauyoyi a lokacin. Dokar mulki ta 1902 ta ba hukuma ikon ɗaukar duk filin da take so don aikin gwamnati. Sannan a 1927 aka kafa dokar ƙasa da haƙƙin 'yan ƙasa, aka gyara ta a 1931, wadda ta sa ragamar filayen arewa a hannun Gwamna, wai yana riƙe wa jama'a amana. Kai mutumin Nijeriya, wannan doka ba baƙuwarka ba ce, domin daga ta Arewacin Nijeriya ta 1910 aka kwaikwayo ta. A ƙauye dai sarki ya ci gaba da karɓar goro yana nuna gona kamar da. Amma a cikin birni, in kana son takarda, wurin hukuma za ka.

A 1945, zamanin Gwamna Alan Burns, aka kafa dokar tsara birane da karkara, wadda aka ɗauko samfurinta daga Ingila. Ita ce ta kawo ƙa'idar da muke magana a kai yau: in an ayyana wuri a matsayin yankin tsarawa, to mallakar fili daban, izinin gini a kai daban. Wannan doka ta yi tsawon rai. Ta ga tafiyar Turawa, ta ga juyin mulki iri-iri, ba a maye gurbinta ba sai bayan shekara 71.

Ƙasa ta koma kan fata

Samun 'yancin kai a 1957 bai mayar wa sarakunan arewa ƙasarsu ba. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta gaji ikon Gwamna, ta ƙara ƙarfafa shi da dokokin ƙasa na 1962, filayen arewa suka zauna a hannun Shugaban Ƙasa. A wannan tsakani ne, a Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama. Dattawan zango ba su manta ba. Mutane sun fita a gurguje, wasu sun sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu sun bar su a hannun amana ba su sake ganinsu ba. Darasin da aka koya a lokacin shi ne, zaman shekara talatin a wuri ba ya tsaya wa baƙo a matsayin takarda.

'Yan arewa sun daɗe suna tambaya: don me sarakunan kudu ke riƙe da ƙasarsu, namu kuma sai sun roƙi Ankara, babban birnin ƙasar? Gwamnatin soja ta Acheampong ta kafa kwamiti a ƙarƙashin lauya R. I. Alhassan, wanda ya miƙa rahotonsa a 1978. Tsarin mulkin 1979 ya mayar da filayen arewa ga masu su na asali, na 1992 kuma ya jaddada haka a sashe na 257. Abin da gwamnati ta riga ta karɓa bisa doka don ayyukanta ya zauna nata, saura ya koma kan fata. Ka lura da bambancin tafiyar: a 1978 Nijeriya ta tattara ikon ƙasa ta damƙa wa gwamnonin jihohi, shekara guda bayan haka Gana ta kwance nata ta mayar wa sarakuna. Shi ya sa Bakano kan ruɗe a Tamale. A gida ya saba neman sa hannun gwamna, a nan kuwa daga fada ake farawa.

Sai dai tsarin mulkin 1992 bai saki igiyar gaba ɗaya ba. Sashe na 267 ya ce ba a sayar da ƙasar sarauta sayarwa ta har abada, haya ce ta tsawon shekaru. Ya ce ba za a bayar da ita ko a yi gini a kanta ba sai Hukumar Filaye ta yankin ta shaida cewa abin ya dace da tsarin da hukumar tsara gari ta amince da shi. Ya kuma raba kuɗin shigar da ƙasar ke kawowa: kashi 10 cikin ɗari na ofishin da ke tattarawa, abin da ya rage a ba sarautar kashi 25, majalisar sarakuna kashi 20, majalisar gunduma kashi 55. To a nan goro ya dawo. Abin da ake rabawa a aikace shi ne 'yar hayar ƙasa ta shekara-shekara. Babban kuɗin da mai neman fili ke biya a fada tun farko, har yau sunansa kuɗin goro, kuma tunda gaisuwa ce a al'adance, ba ya shiga wancan rabo. Goron da a da ake ƙullawa a ganye, yau farashin fuloti ne na kasuwa. Suna bai canja ba, nauyi ne ya canja.

Majalisa ta shigo

Ƙofa ta biyu ta samu ne a 1988, lokacin da gwamnatin Rawlings ta kafa majalisun gundumomi 110 a faɗin ƙasar. Dokar ƙananan hukumomi ta 1993 ta ce kowace majalisa ita ce hukumar tsara yankinta, kuma babu mai yin gini sai da rubutaccen izininta. Kashi 70 cikin ɗari na 'yan majalisar jama'a ke zaɓensu, ba da tutar jam'iyya ba, saura naɗa su ake yi. Shugaban gunduma kuwa Shugaban Ƙasa ke ba da sunansa, 'yan majalisa su amince.

Ana cikin haka Tamale na ta kumbura. A ƙidayar 1960 mutanenta ba su wuce dubu 40 da 'yan kai ba. A 1984 sun haura dubu 135, a 2000 sun haura dubu 200. An kafa Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa a 1992, ƙungiyoyin agaji sun cika gari, rikicin ƙabilanci na 1994 ya koro mutane daga karkara, an gina babban filin wasa don gasar ƙwallon Afirka ta 2008. A 2004 aka ɗaga Tamale zuwa matsayin babban birni mai majalisarsa. A 2012 aka yanke Sagnarigu daga jikinta aka ba ta majalisar kanta, aka kuma ɗaga darajarta a 2018. Ƙidayar 2021 ta sami kusan mutum dubu 375 a ɓangaren Tamale, da sama da dubu 340 a ɓangaren Sagnarigu. Wato gefen garin ya kusa kamo cikinsa. Waɗannan mutane duk wurin kwana suke nema, kuma daga gonakin irin su Kasalgu ake yanko shi. Wannan rabuwa ta 2012 tana da amfani a gare ka: gari ɗaya ne a ido, amma majalisa biyu ce, sai ka tabbatar wadda filinka ke ƙarƙashinta kafin ka kai takardu.

A 2016 aka yi sabuwar dokar amfani da ƙasa da tsara wurare, mai lamba 925, wadda ta binne ta 1945, tare da sabuwar dokar ƙananan hukumomi mai lamba 936. A 2020 kuma aka yi dokar ƙasa mai lamba 1036. Ita ce ta ce sarki mai riƙon amana ne da za a iya tuhuma kan yadda ya sarrafa ƙasar jama'a, ta wajabta buɗe ofishin rubuta harkokin filaye a masarautu, ta kuma sa ɗaurin shekaru ga masu ɗaukar 'yan daba su tsare fili.

Yadda takarda ke tafiya yau

Aikin hawa biyu ne, kuma mutane sun fi sanin na biyu alhali na farko ne ke yanke komai.

Hawa na farko shi ne taswirar unguwa. Kafin a yanka daji ko gonaki zuwa fulotai, doka ta ce a zana taswira da ke nuna tituna, magudanan ruwa, wurin makaranta, asibiti, kasuwa, maƙabarta da filin da za a bari a buɗe. Ofishin tsara gari na majalisa ne ke duba ta. Daga nan ta je gaban ƙaramin kwamitin ƙwararru, inda ake samun injiniyan ayyuka, mutanen Hukumar Filaye, na kare muhalli, na kashe gobara, na hanyoyi, na tsabtar gari da na agajin gaggawa. In ta tsallake, sai babban kwamitin tsara wurare, wanda shugaban gunduma ke jagoranta, kuma akwai kujerar wakilin sarakuna da ta wasu 'yan majalisa a ciki. Doka ta ce a ji ra'ayin jama'ar da abin ya shafa kafin a amince, a kuma ajiye taswirar inda kowa zai iya zuwa ya gani.

Haka abin yake a rubuce. A ƙasa kuwa, majalisa ba ta cika samun kuɗin awo da zane ba, kuma filin ba nata ba ne. Don haka sau da yawa fada ce ke fara motsi: ta kira safiyo da mai zane, su auna, su yanka, a biya su ladansu da fulotai maimakon kuɗi, sannan a kai wa majalisa ta sa hatimi. To ka yi tunani. Mai ƙasa da yawan fulotai yake samu, mai awo da yawan fulotai ake biyansa. Wa zai so a bar fili mai faɗi babu kowa a kai? Shi ya sa kwari da bakin dam da filin makaranta ke yawan tsukewa, wani lokaci bayan an amince da taswira a sake komawa a yanka abin da aka bari. Akwai kuma inda ake kafa turaku tun majalisa ba ta ga komai ba, irin abin da Kanawa ke kira awon igiya. Manomin da aka yanka gonar gidansu, galibi abin da yake tsira da shi ɗan fuloti ne ko biyu, sai ya nemi gona can nesa ko ya koma leburanci a garin da ya cinye gonarsa.

Hawa na biyu shi ne izinin gini na mutum ɗaya. Ka biya goro, fada ta ba ka takardar nuna fili mai lambar fulotinka. Ka sa safiyo mai lasisi ya zana maka taswirar wurin. Ka je Hukumar Filaye a bincika ko wani ya riga ka, sannan a shirya takardar haya, manyan sarakunan da abin ya rataya a kansu su sa hannu, a yi rajista. Da wannan, da zanen ginin, za ka cika takardar neman izini a majalisa. Ma'aikata su fito su ga wurin, kwamitin ƙwararru ya duba, babban kwamiti ya amince ko ya ƙi, ka biya kuɗin izini. In gidan mai ne, ko babban sito, ko mayanka, sai ka haɗa da takardar hukumar muhalli da ta 'yan kwana-kwana. Dokar gini ta 1996 ta ba majalisa wata uku ta ba da amsa, ta kuma sa izinin ya yi aiki shekara biyar. Dokokin baya-bayan nan sun matse wa'adin amsar. Wanda ya tsallake wannan hawa, shi ne ke wayar gari ya ga jan fenti a bangonsa, kuma majalisa na da ikon rushewa.

Ina makiyayi a cikin taswirar?

Yanzu kai ɗan'uwa mai sanda, ga inda maganar ta shafe ka. Fulani sun fara zama a arewacin Gwalkwas tun farkon ƙarni na 20, da yawa suna kiwon shanun sarakuna da attajiran gari tare da nasu. Turawa sun kafa tashar likitan dabbobi a Pong-Tamale, arewa da birnin, saboda shanun da ke gangarowa daga ƙasashen Faransa zuwa kasuwannin Kumasi. Amma duk tsawon wannan tarihi, zaman makiyayi a kan yardar baki yake. Mai gari ya ce kafa rugarka can, sha ruwa can. Yardar baki tana da daɗi muddin ƙasa na da yalwa. Ranar da fuloti ya yi tsada, ba ta da nauyin da za ta ja da turken siminti. An ma taɓa korar makiyaya baƙi da ƙarfin hukuma, a 1988 da kuma wajen 1999 zuwa 2000.

Kwatanta da gida. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, inda makiyaya ke da wakilci, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince da tafiyar dabbobi a matsayin haƙƙi, ta kare burtali da mashaya. A Arewacin Nijeriya an yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, ko da yake kowa ya san yadda gonaki da gidaje suka cinye labi da dama. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1998 ta tanadi takardar ƙetare iyaka da dabbobi, amma takardar tafiya ce, ba ta ba ka ko taku ɗaya na ƙasa a bakin Tamale ba. A taswirar unguwa irin ta Gana, mai zane ya saba da gida, titi, makaranta da kasuwa. In ba wanda ya tashi ya ce nan hanyar shanu ce zuwa dam, nan ne ake sauke dabbobi kafin a kai su kara, to ba za ta fito a takarda ba. Abin da bai fito a takarda ba kuwa, a idon kwamiti fili ne da babu kowa.

Kuma asarar ba taka kai kaɗai ba ce. Garin da ke cin nama da nono kullum yana bukatar hanyar da dabba za ta shigo. In an toshe ta, shanu su bi kwalta, su shiga lambun wani, rigima ta tashi, a ce Bafulatani ya yi ɓarna. Kwarin da aka yanka aka sayar, shi ne ruwa ke bi da damina ya shiga ɗakunan waɗanda suka saya. Dam ɗin da gidaje suka kewaye, matan ƙauye ma sun rasa wurin ɗiban ruwa da rani. Wato bukatarka da ta manomi da ta mai sayen fuloti, a nan wuri guda suka kwana.

Abin yi

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. In ka ga safiyo da ƙafafun na'urarsa a dajin da kake kiwo, ranar ce ranar magana, ba ranar da tifa ta juye yashi ba. Kada ka je kai kaɗai. Ku haɗu da ardo ko sarkin Fulani, da sarkin zango, da shugabannin 'yan kara da mahauta, da masu shanun da kuke yi wa kiwo, domin su 'yan gari ne, muryarsu ta fi kaiwa. Ku fara da fada cikin ladabi, yadda al'adar Dagomba ta tanada. Sannan ku nemi ɗan majalisar da ke wakiltar unguwar, ku rubuta takarda zuwa ofishin tsara gari, ku riƙe kwafi mai hatimi. Abin da za ku roƙa a bayyane yake: a sa hanyar dabbobi da bakin ruwa a cikin taswira, a ba su launinsu da iyakarsu. Abin da ya shiga taswirar da aka amince da ita, ba a canja shi bisa doka sai an sake komawa gaban kwamiti an sanar da jama'a. Ba katanga ce da ba ta faɗuwa ba, amma ta fi yardar baki nesa ba kusa ba.

Kai kuma Alhaji, ke kuma Hajiya, masu safarar kaya da ke son ajiye ƙafa a Tamale, ku riƙe abu huɗu. Na ɗaya, takardar nuna fili daga fada mafari ce kawai, ba ita ce hayar da aka yi wa rajista ba, kuma ana samun fuloti ɗaya da takarda biyu. Na biyu, kafin kuɗi ya bar aljihu, a je a ga taswirar unguwar, a tabbatar fulotin ba a kan titi ko magudana ko filin makaranta yake ba, kuma an ware wurin don irin aikin da ake nufi. Na uku, in ba ɗan ƙasar Gana ba ne kai, sashe na 266 na tsarin mulki bai yarda a ba ka hayar da ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba, alhali ɗan ƙasa kan sami har 99 don gidan zama. Duk dillalin da ya ce maka ya sayar maka har abada, ko bai san doka ba, ko ya san kai ba ka sani ba. Na huɗu, sayen fili da sunan aboki ko mai masauki yana da sauƙi yau, amma magadansa ba su san alkawarin da kuka yi a zaure ba. Abin da kuka shirya, a rubuta shi gaban lauya da shaidu.

Daga tindana zuwa sarki, daga sarki zuwa Gwamna, daga Gwamna zuwa Shugaban Ƙasa, daga nan ta dawo kan fata tare da hatimin majalisa: hannun da ke riƙe da ƙasar Tamale ya sauya sau da dama, kuma kowane sauyi wanda ya ji labari da wuri shi ya tsira da wurinsa. Har yanzu akwai ƙauyuka bayan Kasalgu da igiyar awo ba ta kai ba, ta wajen Nyankpala da Tolon da Kumbungu da Savelugu. Taswirarsu ba ta bushe ba tukuna.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, a ruga ko a tasha ko a bakin iyaka ana jiran a buga fasfo. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. A sauka lafiya.